3.4 Kiɗa da Gargaɗi a Zanen Walima na Jan Steen

A wannan sashe za a dubi wani zane na Jan Steen (1626-1679), mutumin Leiden ta ƙasar Holan, wanda ya yi wajen 1668 zuwa 1670, yake kuma ajiye a gidan tarihi na Mauritshuis da ke Hague. Sunan zanen karin maganar mutanen Holan ne, mai nufin yadda tsofaffi suka rera haka yara za su busa. Bahaushe zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Zanen ya nuna iyali a wajen walimar haihuwa. Tsohuwa na riƙe da takarda tana waƙa, wani saurayi na busa algaita mai jakar fata, wata mata ta miƙa kofi ana tsiyaya mata giya. Shi kuwa mai zanen ya sa kansa a ciki, yana dariya yana koya wa yaro shan lofe. A gefe ga aku, wato sarkin kwaikwayo. Hikimar tana cikin kalmar busa, domin a harshensu, kamar a Hausa, ana busa sarewa ana kuma busa taba.

Idan aka kai wannan zane unguwar Garu a Illela, abin da zai fara ɗaure wa mai kallo kai shi ne rashin makaɗi na sana'a. A can kiɗa yawanci gado ne. Mai kalangu gayyato shi ake yi, ya yi kiɗa a yi masa kari, maigida ba ya rataya ganga ranar sunan ɗansa. A zanen Steen kuwa 'yan gida ne mawaƙan kansu, don haka ba maroƙin da za a ɗora wa laifin lalacewar yara. Abin da ya ɗan yi kusa da wannan shi ne kiɗan ƙwarya da mata kan yi a cikin gida.

Sai dai gargaɗin yana da rauni. Steen ya ƙawata shagalin ƙwarai, haske ya zuba a kan tufafin matar da jar giyar, ba kuma fuska ɗaya mai nuna nadama. Mai kallo zai fi sha'awar zama a teburin a kan ya guje shi. Wataƙila ba abin mamaki ba ne, tunda a 1672 shi kansa Steen ya buɗe gidan giya a Leiden.