Waƙar Aro: Yaushe Mai Maimaitawa Yake Fin Mai Waƙa?

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Amma a sha'anin waƙa wannan karin magana ba kullum yake cika ba. Akwai waƙoƙin da wani ya tsara, wani dabam ya ɗauka ya sāke rerawa, har duniya ta manta da na fari ta riƙe na biyu. Mu da muke zaune a Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru ba mu bukatar tafiya nesa neman misali, gama ƙasar Kamaru tana cikin ƙasashen da aka fi aron waƙoƙinsu a Afirka. Tambayar da take gabanmu ita ce, da wane mudu za mu auna, kafin mu ce mai maimaitawa ya fi mai waƙa?

Bari mu fara da Zangalewa. A shekara ta 1986 wata ƙungiyar makaɗa mai suna Golden Sounds, wadda yawancin mutanenta sojoji ne masu tsaron shugaban ƙasa a Yawunde, ta fitar da wannan waƙa. Cikin manyansu akwai Jean Paul Zé Bella, wanda ya rasu a 2023. Su ma ba su ne suka ƙago ta daga tushe ba. Tsohuwar waƙar maci ce ta bariki, irin wadda sojoji suke rerawa don su manta da gajiyar tafiya. Abin da Golden Sounds suka ƙara mata shi ne ba'a. Sun fito a talabijin da kakin soja da hular kwano irin ta Turawan mulki, sun cusa matasan kai a cikin riguna har tumbi ya yi tulu. Kowa ya gani ya yi dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai magana mai nauyi: tunawa da sojojin Afirka da suka yi wa Turawa Yaƙin Duniya na Biyu, da zambo ga manyan da suke ƙoshi, ƙananan kuwa suna shan rana. Harsunan waƙar ma a gauraye suke, na kudancin Kamaru da Faransanci da Turancin buroka, kamar dai yadda ake magana a bariki.

Daga Kamaru faifan ya haye teku ya kai Kolambiya, a Amurka ta Kudu, inda mutanen garuruwan bakin teku suke ƙaunar kiɗan Afirka ƙwarai. A ɗaya daga cikin garuruwan nan, Barankiya, aka haifi mawaƙiya Shakira. Da za a yi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya a Afirka ta Kudu a 2010, sai ta ɗauki amshin Zangalewa ta gina sabuwar waƙa a kansa, tare da ƙungiyar Freshlyground ta Afirka ta Kudu. Sunan waƙar Waka Waka. Bahaushe zai zaci kalmar nan tamu ce ta waƙa, amma dacewar sauti ce kawai.

To, wace ce ta fi? In yawan masu ji ne ma'auni, babu gardama. Waƙar Shakira ta shiga kowane lungu na duniya, ba mamaki ma a sami yaro a unguwar Yelwa ko Rumde Ajiya wanda ya san tata kafin ya ji labarin sojojin Yawunde. Kiɗanta a goge yake, muryarta tana da ƙarfi, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma mai karatu ya saurari biyun a jere. A ta farko za ka ji takun takalman soja da muryar mutumin da yake dariya don kada ya yi kuka. A ta biyu an kwashe wannan duka, an bar amshi mai daɗi da kirarin ƙarfafa 'yan wasa. Shakira ta ɗauki ƙwaryar ta yi mata zane mai kyau, amma furar da take ciki ta zube a hanya. Don haka a ganina ta fi su kasuwa ne, ba ta fi su waƙa ba. Golden Sounds kuwa, da yake su ma masu maimaitawa ne, sun fi waƙar barikin da suka tarar, domin sun sa ta faɗi abin da ba ta iya faɗa a dā.

Ga mudun ke nan. Mai maimaitawa yana fin mai waƙa sa'ad da ya tono wata gaskiya da take kwance a cikin waƙar, wadda mai ita bai fito da ita ba. Domin mu gane wannan sosai, bari mu dubi aikin mace guda daga Amurka, Aretha Franklin, 'yar wani fasto ce kuwa, a cikin ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya ta koyi waƙa. A 1965 Otis Redding ya fitar da waƙarsa mai suna Respect, inda magidanci yake neman a ba shi girma in ya komo gida daga aiki. A 1967 Aretha ta sāke rera ta. Da maganar ta fito daga bakin mace baƙar fata, a zamanin da baƙaƙen Amurka suke fafitikar neman 'yancinsu, sai ta tashi daga ƙorafin maigida ta zama kiran dukan wanda aka rena. Kalmomin da ta canja kaɗan ne, amma ma'anar ta juya gaba ɗaya.

Haka kuma waƙar sujada da aka sani da Amazing Grace. John Newton, wanda a dā shugaban jirgin fataucin bayi ne, shi ya rubuta kalmominta, aka buga su a Ingila a 1779. Muryar da ake rera ta da ita yanzu ba tasa ba ce, sai a 1835 aka haɗa su a Amurka. Daga baya jikokin bayi suka ɗauke ta, suka ja ta a hankali, suna tsayawa a kan kowace gaɓa. Aretha ta rera ta haka a wata majami'a a Los Anjeles a 1972. Waƙar tuban mai sayar da bayi a bakin zuriyar waɗanda aka sayar: wannan nauyi ne da Newton da kansa ba zai iya ɗora mata ba.

Sai dai akwai mudu na biyu, shi ne amana. Sai da mutanen Kamaru suka ta da murya a 2010 kafin aka yi sulhu da Golden Sounds, aka sa sunayensu cikin masu waƙar. Ba kuwa a kansu aka fara ba. Manu Dibango ya yi Soul Makossa a 1972, a bayan faifan da aka shirya domin gasar kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙuncinta a shekarar. Michael Jackson ya ɗauki amshinta ya sa a faifansa Thriller na 1982 ba tare da izini ba, sai daga baya aka sasanta a wajen kotu. André-Marie Tala, makahon mawaƙin nan, ya kai ƙarar James Brown a kan waƙarsa Hot Koki, kotu kuwa ta ba shi gaskiya. A al'adar makaɗan Hausa, yaron makaɗi yakan yi shekaru yana amshi, in ya gāji waƙoƙin ubangidansa kuma yakan ambaci sunansa a gaban jama'a. Ambaton nan ba ya rage masa daraja, ƙara masa yake yi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, gama yawancin abin da muke rerawa aro ne. Waƙoƙi da dama na Littafin Waƙoƙi fassara ne daga Turanci. Ƙungiyoyin mawaƙanmu sukan ɗauko waƙa daga Jos ko Yola, ko su juya ta Fulatanci zuwa Hausa, ta Hausa zuwa Faransanci. Babu laifi a ciki. Sau da yawa ma waƙar da ta yi sanyi a littafi takan sami rai sa'ad da matan zumunta suka ɗora ta a kan tulu da caki, suka daidaita ta da hawa da saukar harshenmu, har tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta ji kowace kalma. Wannan maimaitawa ce da ta fi ta asali. Amma wanda ya kwaikwayi faifai har da numfashin mai shi, ko ya ƙara ƙarar na'ura har kalmomi suka nutse, bai ƙara kome ba.

Saboda haka, ɗan'uwa shugaban mawaƙa, kafin ka koya wa mutanenka waƙar wani, ka tambayi kanka abin da take faɗa, da abin da bakinku zai fito da shi wanda bakin mai ita bai fitar ba. In kun tashi rerawa kuma, ka faɗi sunan wanda ya tsara ta in ka san shi, gama wanda ya sha ruwan rijiya bai kamata ya manta da mai haƙa ba.