Lasifikar Masallaci: Laifin Wuta Ne Ko Namu?

Jama'a, duk azumi sai an yi karo-karo an sayi sabuwar amfilifaya a masallatanmu na Nguru da Gashua. Kafin Sallah ta ƙone, mu ce wuta ce, ko mai gyara ya cuce mu. To, mu faɗa wa kanmu gaskiya: galibi laifin namu ne.

Ku juya bayan lasifika, za ku ga an rubuta 8 ko 16 om. Amfilifaya ma tana da nata, yawanci kada a sauka ƙasa da 4. Idan muka jona lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 4. Huɗu kuwa sun koma 2. Om na raguwa, wutar da suke zuƙa na ƙaruwa. Mun ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40.

Shi ya sa muryar ladan ke gurgura, dattawan sahun baya ba sa gane huɗuba. Mu kuma sai mu ƙara murɗa ƙara, don kada masallacin maƙwabta ya fi mu amo. Wannan gasa ce, ba ibada ba.

Kafin a ƙara lasifika, a kira mai gyara ya lissafa om. In wayar za ta yi nisa, a sayi masu taransifoma na layin volt 100. Kuɗin nan amanar talakawa ne. Allah Ya sa mu gyara.