Ajin Adabi Ko Gidan Renon Lakunle?

Daga 2021 zuwa 2025, wasan kwaikwayon Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, yana cikin littattafan da WAEC ta ɗora wa ɗaliban adabin Ingilishi. Amma a azuzuwa da yawa ba a buɗe littafin. Malam ya rubuta taƙaitaccen bayani a allo, yara su kwafa, aikin gida kuma bai wuce "kawo jigogi biyar" ba. Mu ma haka aka koyar da mu. Yau kuwa waya ce ke amsa irin wannan tambaya kafin ƙiftawar ido.

Abin takaicin, wannan halin ne littafin yake yi wa dariya. Lakunle, malamin makarantar ƙauyen Ilujinle, ya haddace manyan kalmomin ƙamus, yana zazzaga wa Sidi su don ya kushe sadaki. Bai saurari tsoronta ba: in ta aure shi ba sadaki, gari zai ce ba budurwa ba ce. Tsoho Baroka, wanda ya karanci mutane, shi ya same ta da dabara.

Me zai hana a karanta wannan fitowa da murya, a raba aji biyu, a yi muhawara: Sidi ce da gaskiya ko Lakunle? Ɗalibar da aka yanka sadakin yayarta a gabanta ba za ta rasa ta cewa ba, kuma amsarta ba ta intanet.

Mu masu rubuta manhaja mun sani: wanda kwafa kawai ya iya, ranar da aiki ya cije ba ya iya gyara. In haddar jigogi ce karatun, to sababbin Lakunle muke yayewa.