Sharhi Kan Yadda A Ke Bayanin Kuturtar Gyaɗa Da Hausa

Bayanin da malamai da ma'aikatan gona suka saba yi game da kuturtar gyaɗa shi ne wata ƙwayar cuta ce darɓa ke ɗaukowa ta sa wa shuka. Wannan magana tana da tushe, domin tun cikin 1928 Storey da Bottomley suka nuna darɓa ce ke yaɗa cutar, bayan Zimmermann ya fara ba da labarinta daga Tanganika cikin 1907. Sunan kuturta kuwa ya dace ƙwarai, gama ya kama siffar abin: shuka ta tsumbure, ganye ya ƙanƙance ya murɗe. Amma fa bayanin yana da rauni wuri biyu.

Na farko, kalmar ƙwayar cuta ta yi faɗi, ta haɗa bakteriya da bairas. Bakteriya na iya hayayyafa da kanta, bairas kuwa zaren gado ne kurum, ba ya yaɗuwa sai ya shiga cikin ƙwayar jikin shuka ya mai da kayan aikinta nasa. Ɗalibin da bai rarrabe su ba sai ya zaci akwai maganin da za a fesa shukar da ta kamu ta warke, alhali kuwa babu.

Na biyu ya fi nauyi. An ce ƙwaya, watau guda ɗaya, ga shi kuwa abubuwa uku ne suka taru. Akwai bairas ɗin kuturta kansa, mai ƙwayoyin gado huɗu: biyu na kwafar zarensa, ɗaya na ƙetara shi daga ƙwayar jiki zuwa maƙwabciyarta, ɗaya na kai shi nesa ta jijiyoyin shuka. Ba shi da ƙwayar gadon da ke ɗinka riga, darɓa kuwa ba ta ɗaukar bairas tsirara. Saboda haka sai ya ari rigar wani bairas, mataimaki, wanda in shi kaɗai ne da ƙyar a ke ganin alamarsa. Na uku wani ɗan guntun zaren RNA ne, ɗan rakiya, wanda ba ya iya kwafar kansa sai da bairas ɗin kuturta. Murant da abokan aikinsa a Sikotilan suka nuna cikin 1988 shi ne ke haddasa yawancin alamun cutar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada a ɗauka wannan gardamar kalmomi ce kawai. Cikin 1975 kuturta ta halaka wajen hekta 700,000 na gyaɗa a Arewacin Nijeriya. Wanda ya san rabon aikin nan zai gane dalilin da shuka ta kan kuturce amma darɓa ta kasa ɗaukar cutar daga gare ta, in mataimaki bai shiga ba. Zai kuma gane irin gyaɗar da a ke kira mai jure kuturta bairas ɗin kuturta ta ke tarewa, mataimakin kuwa yana nan cikinta.

Shawararmu ga malaman kwalejojin horon malamai ita ce a bar sunan kuturta yadda manoma suka sa shi, a keɓe kalmar bairas daga bakteriya, sa'an nan a koya wa ɗalibai sunayen nan uku, kowane da aikinsa.