Ƙwaya, Ganga da Gandu: Inda Gajerun Labaranmu Ke Yin Gaggawa

Tun da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata a 2016 gajeren labari ya samu kasuwa, shaye-shaye kuma na cikin jigogin da marubuta suka fi yawan taɓawa. Tsarin kusan ɗaya ne: yaro ya faɗa hannun miyagun abokai, ya sayar da kayan ɗakin uwarsa, sai wata rana ya ji waƙa ko ya ga hawayen uwar, ya tuba a shafin ƙarshe. Niyyar tana da kyau. Amma wanda ya zauna a Tsiga ta ƙaramar hukumar Bakori, ko ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya san ba nan ne kaɗai mafarin ba.

A wannan ƙasa ta masara da auduga, sau da yawa a gona ake fara shan tramol. Ɗan ƙwadago yana so ya gama kunyoyin da aka yanka masa kafin rana ta take, sai ya haɗiyi ƙwaya don kada ya ji gajiya. Da can wannan aikin na makaɗan noma ne: a ranar gayya ganga ce ke zuga samari, a kira sunan mutum da na ubansa, ya duƙa ya manta da ciwon baya. Gayya ta ja baya, gandu ya watse, kowa ya koma neman na kansa, ƙwaya ta cike gurbin. Marubucin da ya gane haka ba zai sa waƙa ta faɗo wa jarumi daga rediyo kamar sihiri ba. Zai nuna ta a hannun mutane, makaɗi da 'yan amshi da sa'o'in da ke jiran yaron ya dawo cikinsu.

Kada kuma a wanke waƙa tas. Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa ya rasu a 1999, yana da waƙar Asha Ruwa da ta ɗaure wa mashaya gindi, alhali Mu'azu Haɗeja ya rubuta waƙar da ta la'anci giya. Harshe ɗaya, fuska biyu, labaranmu kuwa fuska ɗaya suke ɗauka.

Haka batun iyali. Uwar da ke cikin labaran nan kullum tana kan darduma. Ina uban da ya gaji ya kai ɗansa gidan mari da hannunsa? A 2019 'yan sanda sun fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da mutane ɗaure da sarƙa, da yawansu kuma danginsu ne suka kai su saboda shaye-shaye. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba, rashin mafita ne, ga asibiti da nisa ga tsadar magani. Wannan ruɗanin na so da gajiya shi ne naman labarin, amma ana tsallake shi. Ina yayar da ke ɓoye makullin ɗaki, da kawun da ya ba yaron kadada guda ya ce a gwada shi damina ɗaya, da komawa ruwa bayan wata uku?

Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC, amma shaye-shaye bai ƙare ba. Binciken hukumar UNODC na shekarar ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Abin da doka ba ta kashe da sanarwa ba, bai kamata marubuci ya kashe shi da sakin layi ɗaya ba.

Marubutan kudancin Katsina, ku je gona da tasha ku saurara kafin ku ɗauki alƙalami, ku bar jaruminku ya faɗi ya sake faɗuwa kafin ku tashe shi.