Tarihin Baka a Ƙasar Borno: Tarken Hanyar Tattarawa da Makomar Muryoyin Dala

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken hanyar da aka bi wajen tattara tarihin baka, domin a gano muryar wa aka adana, kuma da wane harshe. Za a duba ayyuka uku na magabata, sannan a auna darasinsu da halin unguwar Dala da Jami'ar Maiduguri.

2.0 Ayyukan Magabata

Koelle (1854) ya tattara labarai a ƙasar Saliyo, mafi yawa daga bakin Ali Eisami, Babarbaren da bauta ta raba da gida. Ƙimar aikin ita ce an buga matanin Barbarci tare da fassararsa, ta yadda manazarci zai iya komawa ga lafazin mai magana.

Brenner (1973) kuwa ya bi tarihin gidan Shehu al-Kanemi har zuwa lokacin da Rabeh ya ci Kukawa a 1893, inda ya gwama hirar dattawa da rubutattun takardu. Aiki ne ingantacce, sai dai jigonsa sarauta ce, saboda haka fada ta mamaye shi. Haka kuma abin da dattawan suka faɗa ya iso ga mai karatu ne a narke cikin Ingilishin marubucin.

Smith (1954) ta bi wata hanya dabam a ƙasar Zazzau: ta saurari mace ɗaya, Baba mutuniyar Karo, a 1949 zuwa 1950, sai ga aure da bauta da zuwan Turawa sun fito ta idon matan cikin gida. Amma ita ma da Ingilishi ta fara isa duniya.

3.0 Dala da Jami'a

An san cewa Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, domin takardun mulki sun riƙe wannan. Ba haka tarihin unguwannin gefen gari yake ba. Dala ta karɓi ɗimbin waɗanda rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro daga ƙauyuka, kuma labarin garuruwan da suka baro yana cikin ƙirjinsu ne kawai.

Ita ma jami'a, wadda aka kafa a 1975, kundinta yana riƙe da sunayen shugabanni irin su Farfesa Muhammad Nur Alkali, amma bai san masinja da direba da mai gadi ba, alhali su ma shaidu ne ga harin masallacin jami'ar na 16 ga Janairu, 2017. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumba, 2024 kuwa ta nuna cewa ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce.

4.0 Kammalawa

Wannan tarke ya nuna cewa ingancin hira yana rataye ne a kan sharuɗɗa uku: a faɗaɗa da'irar waɗanda ake tambaya har ta haɗa mata da talakawa, a adana sautin da mataninsa cikin Barbarci ko Hausa ko Larabcin Shuwa kafin fassara, sannan a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam, da yardar mai magana. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tarihi ma a bakin mai shi ya fi ƙarfin hujja, muddin an riske shi da rai.