Manomin Bakolori da Babin Farko na Littattafan Tattalin Arziki: Sharhi a Kan Batun Zaɓi da Kasuwa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi sharhi a kan babin farko na littattafan koyar da ilmin tattalin arziki waɗanda ake karantar da 'ya'yanmu da su a makarantun sakandare da na gaba da su. Za a auna abin da babin ke faɗa da abin da ya auku a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun tun daga lokacin da aka datse gulbin Sakkwato a Bakolori. Na zaɓi babin farko ne don shi ne wanda kowane ɗalibi ke haddacewa, kuma shi ke saura a kansa bayan ya manta da sauran, har ran da zai zama ma'aikacin gona ko babban sakatare, a ba shi ikon tsara wa talakawa yadda za su yi noma.

2.0 Abin da Babin Ke Koyarwa

Kusan duk littattafan nan tafarki ɗaya suke bi. Sukan fara da cewa buƙatun ɗan Adam ba su da iyaka, abin biyansu kuwa ƙayyadadde ne, saboda haka tilas mutum ya jera buƙatunsa, ya ɗauki wata ya bar wata. Wadda ya bari ɗin, in ji su, ita ce ainihin tsadar wadda ya ɗauka. Wannan ma'ana ta shahara ne ta hanyar littafin da Lionel Robbins ya wallafa a Ingila a 1932. Daga nan sai a shiga batun farashi, inda ake bin Alfred Marshall, wanda a littafinsa na 1890 ya kamanta buƙatar masu saye da yawan kayan da ke kasuwa da bakin almakashi biyu, watau ba a iya cewa ga wanda ya yanka ƙyalle a cikinsu. A ƙarshe sai a naɗa wa mai saye rawani, a ce shi ne sarkin kasuwa, domin da kuɗinsa yake nuna wa manomi da maƙeri abin da za su samar. Littafin Paul Samuelson na 1948, wanda marubuta da yawa suka ɗauki tsarinsa, shi ya yaɗa kwatanta kuɗin mai saye da ƙuri'ar zaɓe.

Ba na cikin masu cewa duk wannan tatsuniyar Turawa ce. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Talata Mafara ran Talata ya san farashin gero na faɗuwa da kaka, ya tashi da bazara, ya kai ƙololuwa da tsakiyar damina kafin sabo ya nuna. Dillalin hatsi bai karanta Marshall ba, amma ya fi ɗalibin sanin abin da zai faru da tiyar dawa in motocin sari suka yi yawa a bakin kasuwa. Haka kuma tayi da albarka da sallamawa, har da gyaran da ake ɗora wa mai saye a kan mudu, duk hanyoyi ne na laluben farashin da kowa zai iya ɗauka. A nan babin ya faɗi gaskiya, illa dai ya faɗe ta da misalan da yaron Bakura bai taɓa gani ba.

Inda nake da ja shi ne a kan abubuwan da babin ya ɗauka tamkar an gama maganarsu: cewa mai saye daban yake da mai samarwa, cewa kowa da kuɗi a hannu yake shiga kasuwa, da kuma cewa abin da aka shimfiɗa a gabansa ya zaɓa, daga sama ya faɗo.

3.0 Bakolori

An fara aikin madatsar Bakolori a 1974, aka gama ginin a 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi kwangilar. A lokacin da aka gama ginin yankin na cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. An tsara a shayar da fili kimanin hekta 23,000, kaso mafi girma da na'urorin feshin ruwa masu aiki da lantarki, sauran kuma da magudanai. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane aka mai da su sabon matsuguni. A ƙasa da madatsar kuwa, wajen Talata Mafara da Bakura, aka karɓi gonakin mutane don a baje su a haƙa magudanai, aka sare itatuwan amfani irin su ɗorawa da tsamiya da kuka, manoma da dama suka yi damina fiye da ɗaya ba su yi shuka ba, diyya kuma ta yi ta jinkiri. Da tura ta kai bango sai manoma suka tare hanyoyi suka tsai da aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu masu bincike kuwa suka ƙirga fiye da ɗari uku.

To, bari mu ɗauki ma'aunin babin farko mu ɗora a kan wannan al'amari. Abin mamaki shi ne, da masu tsara aikin sun yi amfani da darasin da suka haddace, da ya tsare su daga kuskure babba. Darasin ya ce tsadar abu ita ce abin da aka sarayar dominsa. Me aka sarayar don a sami ruwan Bakolori? Binciken da W. M. Adams ya wallafa a 1985 ya nuna cewa datse gulbin ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa, har manoman can suka rage shuka shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani na gargajiya ya ja baya, kamun kifi ya ragu. Waɗannan mutane ba su cikin taswirar aikin, saboda haka hasararsu ba ta shiga lissafi ba. Shinkafar fadama da manomi ke ci da iyalinsa, da kalwar da matarsa ke yin daddawa da ita, da kifin da masunci ke musanyawa da hatsi, yawancinsu ba su bi ta hannun ma'auni a kasuwa, don haka aka ɗauka ba su da daraja. Laifin babin a nan shi ne ya koya wa ɗalibi ƙa'ida mai kyau, sa'an nan duk misalan da ya ba shi na abin da ke da farashi rubuce a jikinsa ne.

Batun alkama ya fi wannan fitowa fili. Hukuma ta so manoma su shuka alkama da rani. Alkama kuwa sanyin hunturu take so, sai an shuka ta wajen tsakiyar Nuwamba in ana son ta yi kyau. A daidai wannan lokaci dawa tana tsaye a gona ba ta gama nuna ba. Ke nan wanda zai shuka alkama a kan kari sai ya haƙura da dawa tun da damina. Ma'aikatan aikin sun riƙa ganin manomin da ya ƙi yarda da haka a matsayin mai taurin kai wanda bai san ci gaba ba. A nawa ganin, shi ne ya fi su fahimtar babin farko. Dawa ita ce tuwon gidansa, karanta shi ne abincin dabbobinsa da dangarsa da makamashin girkinsa. Alkama kuwa sai ya sayi taki, ya biya kuɗin ruwa da na tarakta, ya jira ranar da ma'aikaci zai sako ruwa, sa'an nan ya sayar a farashin da ba shi ya yanka ba, ya ɗauki kuɗin ya je ya sayi dawar da ya ƙi shukawa, wataƙila da bazara lokacin da ta yi tsada. Mutumin da ke cin abin da ya noma, mai saye ne kuma mai samarwa a lokaci guda, kuma abin da ya fi tsoro shi ne rumbu ya ƙare kafin kaka. Littattafanmu ba su da gurbin irin wannan mutum, alhali shi ne mafi yawa a ƙasar Hausa.

4.0 Wa Ya Zaɓi Burodi?

Wani zai ce ai gwamnati bin umurnin sarkin kasuwa ta yi: mutanen birni sun zaɓi burodi, dole a samo musu alkama. Wannan ita ce maganar da Gunilla Andrae da Björn Beckman suka warware a littafinsu The Wheat Trap na 1985, wanda Bakolori na cikin misalansa. Sun nuna cewa cin burodi ya bazu a Nijeriya ne a zamanin kuɗin man fetur, lokacin da darajar naira ta sa alkamar Amurka ta fi abincin gida araha, ga kuma manyan injinan niƙa a bakin teku da aka gina musamman don ita. A farkon shekarun 1980 ƙasar na shigo da alkama fiye da tan miliyan ɗaya a shekara, abin da ake nomawa a gida kuwa ɗan ƙanƙani ne ƙwarai a kan wannan. Lebura a Kano ko Gusau da ya sayi burodi da shayi da safe, gaskiya ne shi ya miƙa kuɗinsa ba wanda ya tilasta shi. Amma farashin da ya sa burodi ya fi masa sauƙi a kan koko da ƙosai, an yanke shi ne a inda ake tsai da darajar naira da kuɗin fito, wurin da shi ba ya da ƙuri'a.

Duk da haka littafin nasu ma bai kamata a haɗiye shi ba tauna ba. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, sai fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya daga maƙwabta, burodi ya yi tsada amma ba a daina cinsa ba, daga bisani aka janye hanin a farkon shekarun 1990. Wannan ya nuna cewa ko da siyasa ce ta haifar da wata al'adar ci, in ta zauna ta zama buƙata ta gaske, doka ba ta kawar da ita dare ɗaya. A nan Marshall ya rama.

5.0 Kasuwar da Ba Ta Ci Ba

Saura batun kuɗi a hannu. In kuɗi ƙuri'a ne, to, wanda ba shi da su ba ya cikin masu zaɓe. Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa da aka buga a 1972, ta bayyana yadda matalaucin manomi ke sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, don biyan haraji da bashi da hidimar biki, sa'an nan ya dawo ya saya da tsada da damina, har ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wanda ya saye hatsin nasa ya ajiye. A takarda za a rubuta cewa ya zaɓi sayarwa ne a watan Nuwamba, kamar yana da halin jira. Ita ce kuma ta jawo hankali ga cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidaje ta hannun yara masu talla, wanda babu mai ƙididdige shi. Amartya Sen, a littafinsa na 1981 a kan yunwa, ya kafa hujja cewa mutane na iya mutuwa da yunwa alhali hatsi na jibge a kasuwa, in abin da suke musanyawa da shi, ƙarfinsu ne ko dabbarsu, ya faɗi warwas. Dattawan da suka ga farin 1973, lokacin da aka riƙa sayar da saniya a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ba su buƙatar a fassara musu wannan.

Abin da ya fi duka ban takaici shi ne babin na ɗauka kasuwa kullum tana nan, kamar rana. A 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar a watan Satumba. Manomin da ke da albasa ko tumatir a lambu, ga kaya ga masu so a birni, amma babu inda za su haɗu, kayan kuwa ba su jira. A farkon 2023 kuma, da aka canja fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, sai kaya ɗaya ya zama da farashi biyu a kasuwannin ƙauye, na mai tsabar kuɗi daban, na mai turawa ta waya daban. Hanya mai aminci, da mudun da aka yarda da shi, da kuɗin da kowa zai karɓa, da alƙalin da zai raba gardama, su ne ƙasan da almakashin Marshall ke tsaye a kai. Magabatanmu sun san haka, shi ya sa kowace kasuwa ke da sarkinta da masu duba awo.

Shawarata ga masu shirya littattafai da Hausa ita ce kada su tsaya ga fassara babin yadda yake. Su bar ƙa'idojin, su canja inda ake farawa. A fara da gida mai rumbu ɗaya da baki goma, a tambayi ɗalibi dami nawa za a ci, nawa za a sayar, kuma yaushe. Sa'an nan a kai shi Bakolori, a ba shi taswirar gulbin tun daga Maradun har fadamun da ke ƙasa da Bakura, a ce ya lissafa abin da aka samu da abin da aka sarayar, ya kuma rubuta sunan wanda ya samu da na wanda ya sarayar a shafi dabam-dabam. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ba su buƙatar kuɗin mota mai yawa kafin su yi wannan aiki, kuma har yanzu akwai tsofaffi a Birnin Tudu da za su iya nuna musu inda iyakar gonakinsu take kafin 1974.